Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mudirai da Malaman Makarantun Mutawassiɗa a Garuruwanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe mudirai, da ku malamai maza da mata na makarantun mutawassiɗa, wato na tsakanin firamare da sakandare, a Gadarif da Kassala da Sinnar da Mai Wurno da Damazin, da duk ƙauyen da 'ya'yanmu ke zaune a gabanku. Ni uba ne, kuma ina cikin majalisar iyaye ta ɗaya daga cikin makarantunku a nan Gadarif, a gabashin Sudan. Da Hausa na rubuto domin iyaye 'yan'uwana su gani, mai karatu ya karanta wa marar karatu. Da yawanku ma 'ya'yan gidajenmu ne, wanda kuma ba ya jin Hausa ba zai rasa mai mayar masa da Larabci a ofishin malamai ba. Na san halin da kuke ciki. Na san albashin da ke makara, in ya zo kuma bai isa cefane ba. Na san ajin da ya cika har bakin ƙofa. Shi ya sa abin da zan roƙa ba ya cin kuɗi, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Roƙona shi ne ku koyar da hali yadda kuke koyar da nahawu da lissafi: a ware masa lokaci, a nuna wa yaro da misali, ya gwada a gabanku, a maimaita, sannan a duba ko ya zauna. Abin da na fi gani a yanzu shi ne a jira yaro ya kauce sannan a hukunta shi, alhali ba wanda ya taɓa tsayawa ya nuna masa yadda ake so ya yi.

Yanzu ne lokacin wannan magana, domin matakin da kuke riƙe da shi sabo ne. A 1970 ƙasar nan ta hau tsarin shekara 6, da 3 a tsakiya, da 3 a sama. A farkon shekarun 1990 aka rushe shi, aka haɗe yara cikin asas, wato karatun tushe na shekara 8, ɗan shekara shida da ɗan shekara goma sha huɗu a fili ɗaya, a bakin famfo ɗaya. Sai a 2021 mutawassiɗa ta dawo, bayan kusan shekara 30. Malaman da suka san ta a dā, waɗanda suka sha horon cibiyar koyar da malamai ta Bakht al-Ruda da cibiyoyin da suka biyo sawunta, yawancinsu sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Ba ta kuma cika shekara biyu da dawowa ba yaƙi ya ɓarke, ranar 15 ga Afrilu 2023. Ke nan makarantar nan ba ta gaji wata al'ada ba. Duk abin da kuka saba wa yara da shi a waɗannan shekaru, shi ƙannensu za su tarar su ce haka ake yi.

Ku dubi su waye a gabanku. A watan Oktoba 2023 hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, da kuma Sinja a tsakiyar 2024, mun ga yadda azuzuwanmu suka koma ɗakunan kwana, iyali nan iyali can, zane ne labule. Da aka sake buɗe makarantu, yaran da suka dawo ba su ne waɗanda suka fita ba. A aji ɗaya akwai ɗan shekara goma sha biyu da bai taɓa nisa da gida ba, a gefensa ga wanda gashin baki ya fara tsiro masa, ya tuƙa karo, wato amalanken jaki ko doki, ya yi dako a kasuwar amfanin gona, ya riƙe kuɗin kansa, wataƙila shi ke ciyar da uwarsa da ƙannensa. Akwai wanda ya tako da ƙafa daga Jazira, ya ga yadda aka durƙusar da ubansa a shingen masu bindiga. Wata malama ta ba mu labari a zaman majalisa cewa iska ta bugo ƙofar ƙarfe ta ajinta, kafin ta juyo 'yan mata biyu sun shige ƙarƙashin benci, sauran suka fashe da dariya. Irin wannan yarinya, in aka buga mata bulala a kan tebur don a yi shiru, shirun za a samu, amma darasin ranar ya wuce ta.

Na san abin da mu iyaye muke faɗa ranar da muka kawo yaro: nama naku, ƙashi namu. Da wannan magana aka miƙa mu, kuma har gobe akwai uban da ke ganin malamin da ba ya riƙe da bulala ko guntun tiyo bai san aikinsa ba. Ba na zargin iyayenmu, niyyarsu alheri ce. Amma ku da kuke cikin aji kun fi kowa sanin abin da duka ke haifarwa a wannan shekaru. Yaron ibtida'i, wato firamare, ya sha bulala ya yi kuka ya manta. Na mutawassiɗa ba ya mantawa. Ko dai ya daure fuska ya miƙa hannu yana kallon abokansa, ya fito gwarzo, gobe ya ƙara. Ko ya haɗiye abin ya je ya huce a kan wanda ya fi shi ƙanƙanta a hanyar gida. Ko kuma ya daina zuwa, kasuwa kuwa tana nan tana jiransa da kuɗin yini. Ibn Khaldun, wanda ya rasu tun 1406, ya riga ya faɗa cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa kuzari, tana koya masa ƙarya da munafunci, saboda tsoron hannun da ke kansa yakan sa ya nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Dokar Yara ta 2010 ma ta hana hukunci mai tsanani a makaranta, ta hana tsawatarwa da kalmomin da ke zubar da mutuncin ɗalibi, ta hana korar sa daga makaranta ana tsakiyar karatu. Sai dai dokar da ta ce kar a yi ba ta cika gurbin ba. Malamin da aka karɓe wa bulala ba a ba shi wata dabara ba, gaskiyarsa ce in ya ce an bar shi hannu wofi a gaban yara masu yawa. Wannan gurbi nake so mu cike.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin abin da muke koya wa yaran da kansu. Umar ɗan Abu Salama yana yaro a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa na yawo a cikin akushi. Ba a doke hannun ba, ba a ce masa marar tarbiyya ba. An ce da shi ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Umarni uku, gajeru, a wurin da abin ya faru, kowanne yana faɗin abin da za a yi. Shi da kansa ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Anas ɗan Malik kuma ya yi hidima shekara goma bai taɓa jin an ce masa tir ba.

To ku gwada haka. Ku zauna ku duka, mudir da wakilinsa da malamai, har da mai gadi, ku amince a kan ƙa'idoji uku ko huɗu kacal, waɗanda yaro zai iya haddacewa a tsaye: girmama mutane, kula da amana, kiyaye lafiyar kowa, ko waɗanda kuka ga sun fi dacewa. Doguwar takardar "an hana, an hana" da ake mannawa a bango ba mai karanta ta. Sannan ku sauko da kowace ƙa'ida ƙasa, wuri wuri. Mene ne girmamawa a ɗabur, wato jeruwar ɗalibai da safe? Mene ne ita a bakin randar ruwa? A layin mai sayar da ful da burodi lokacin faɗur, wato hutun karin kumallo, fa? A banɗaki? A ƙofa lokacin tashi, inda raksha, babur mai ƙafa uku, ke wucewa? A makon farko ku ɗauki aji ku kai su wurin da ƙafarku. Ga randa, ga kofi: wanda ya riga zuwa shi ke fara sha, a ɗiba da moɗa a zuba a kofi, a mayar da murfi, babba ya bar ƙarami ya wuce. Yaro biyu su gwada daidai, wani ya gwada ba daidai ba a yi dariya, a sake. Minti goma ne. Bayan kowane hutu a maimaita. Wani zai ce ai sun girma da wannan, a gida ya kamata su koya. Gidan da ya yi shekara biyu a ɗakin aji ɗaya da wasu gidaje uku, ana layin ruwa da ƙarfin damtse, ba shi da laifi in bai koyar ba. Mu da muke Gadarif ba ma miƙa wa baƙon yaro lauje mu tura shi yankan riɗi sai mun nuna masa inda ake kamawa da yadda ake jingine dami, don mun san in ya yi ganganci ƙwayar a ƙasa za ta ƙare.

Abin da ke rushe wannan duka shi ne saɓanin malamai. Ustaz na hissa ta farko, wato malamin darasin farko, ya ƙyale, na biyu ya zane, na uku ya danganta da yadda ya tashi. Yaro mai wayo ba ƙa'ida yake koya a nan ba, fuskar malami yake koyon karantawa.

Bari in tsaya a kan alfa, wato ɗalibin da ake naɗawa shugaban aji, don a ganina nan ne aka fi yin ɓarna ba a sani ba. Kowa a cikinmu ya san shi: malami zai fita, ya ce alfa ya rubuta sunayen masu surutu. Yaro ɗaya ya tsaya gaban allo da 'yar takarda, aji ya zuba masa ido. Wanda ya ba shi rabin sandawic ɗinsa ba ya shiga takarda. Wanda suka yi faɗa jiya a filin ƙwallo ya shiga ko da bai buɗe baki ba. Ƙaton ajin ba a isa a rubuta shi ba, don akwai hanyar gida. Malami ya dawo, bai ga komai da idonsa ba, ya karɓi takarda ya zartar. Ku duba darasin da aka koyar a wannan rabin sa'a: mai muƙami yana cin hanci, mai ƙarfi ya fi ƙarfin doka, hukunci ba ya buƙatar shaida. Ƙasar da ta sha abin da tamu ta sha bai kamata ta riƙa koya wa 'yan shekara goma sha uku wannan ba. Ban ce a soke alfa ba. A canza masa aiki, a kuma rarraba shi. Wannan ya kula da alli da allo, wannan da randa, wannan da shara, wannan ya karanta wa aji abin da malami ya bari, wannan ya zauna kusa da sabon ɗalibi har ya saba. A riƙa juyawa duk wata, har marar ƙoƙari da mai rigima su taɓa riƙe amana. Kuma in dole sai an rubuta suna, a rubuta na wanda ya taimaki wani.

Manyan yaran nan da suka girme wa ajinsu, su ne za su gyara muku makaranta ko su hargitsa ta. Wanda ya saba ana kiransa da girma a tasha, ka tsayar da shi gaban ƙannensa ka ce ya durƙusa, ka yi asarar sa. Amma ka kira shi gefe ka ce, "Ɗana, ƙofar nan lokacin tashi na bar maka, kar ƙaramin yaro ya faɗa gaban raksha," za ka ga mutum. Mu da muka yi mutawassiɗa ta dā muna tuna jam'iyyar adabi, da jaridar bango, da kashshafa, wato sikawut, da shirin zuwa daura, gasar da ake yi tsakanin makarantu. Yaron da ba ya iya zama a benci sau da yawa shi ne gwanin wasan kwaikwayo ko mai tsaron gida. Waɗannan abubuwa alli da takarda da fili kawai suke ci, ku dawo da su.

Sai yabo. Ba ina nufin "shaɗir", wato gwani, da ake jefa wa na ɗaya a aji ba, wanda dama kowa ya san shi. Ina nufin malami ya ga abu ya ambace shi da sunansa: "Na ga ka ɗaga wa Adamu jakarsa da ta faɗi," "Yau kin shigo kafin ƙararrawa, na lura." Yaro ya san takamaiman abin da ya yi, sai ya san abin da zai sake. Ku kuma lura cewa a wannan shekaru wani yabon a gaban jama'a kunya yake jawowa, abokai su yi ta tsokana. Kalma ɗaya a hankali lokacin da kake wucewa ta gefen bencinsa ta fi tafi a ɗabur. Yaron da ya fi ba ku wahala shi ya fi buƙatar a kama shi yana yin daidai, ko da sau ɗaya a yini.

Mu iyaye kuwa ba ma jin ɗuriyar makaranta sai an ce wa yaro kar ya dawo sai da waliyyinsa. Uba ya bar aikinsa ya taho ransa a ɓace, tun a hanya ya gama yanke hukunci. Ku gwada aiko mana da labari mai daɗi. Saƙon murya na rabin minti a WhatsApp ya isa, kuma in uwar ta fi sakewa da Hausa, malami ɗan gida ya yi mata da Hausa: "Inna, 'yarki ta raba faɗa yau, Allah ya yi mata albarka." Uwar da ta taɓa jin wannan, ranar da kuka kira ta kan matsala da gudu za ta zo, kuma a ɓangarenku za ta tsaya.

Ban ce a bar laifi ya wuce ba. Wanda ya fasa ya gyara, wanda ya ɓata bango ya wanke, wanda ya zagi wani ya nemi gafararsa bayan zuciya ta huce, kuma a yi maganar a ofis ko a gindin bishiya, ba a gaban aji ba. Hukuncin ya zama sananne tun kafin laifin, iri ɗaya ga ɗan mai kuɗi da ɗan mai karo. Ina kuma ba ku shawarar littafi guda a ofis, a riƙa rubuta kowace rigima: ina ta faru, ƙarfe nawa, me ya jawo ta. Bayan wata ɗaya ku buɗe ku duba. Ina kyautata zaton za ku tarar yawancinta a wuri biyu ko uku take taruwa, hissar da ba malami, ko cunkoson faɗur, ko bayan banɗaki. Malami ɗaya a tsaye a wurin, ko a saki azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ya kashe rigimar da bulala ɗari ba ta kashe ba. Littafin zai kuma nuna muku 'yan sunayen da ke ta dawowa. Waɗannan kaɗan ne, kuma kowannensu a haɗa shi da babba guda da yake jin nauyinsa, su gaisa da safe, su yi bitar yini kafin tashi. Wanda abin nasa ya wuce haka, ba ya barci, yana firgita, ya daina magana, a kira iyayensa a nemi likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Kafin a daki mai makara, a tambaye shi. Akwai yarinyar da sai ta ɗebo ruwa ta kai tallan safe take ɗaukar jaka. Akwai yaron da kaka ke janye shi zuwa gona, don gidan ba shi da wani hannu. Rufe ƙofa da bulala yana koya musu cewa in an makara gara a ƙi zuwa. Maganar kuɗin gudummawa kuma tsakaninku da mu ce; kar a ƙara kiran sunan yaro a gaban aji a kan abin da ba shi ya gaza biya ba.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kar ku yi masa sassauci ko kaɗan, wato gori da ƙabila. Ba mu manta rikicin ƙabilancin da ya faru a yankin Damazin da Rusairis a watan Yuli 2022 ba, da na Wad al-Mahi a Oktobar wannan shekara, da iyalan da suka watsu. Yara suna jin abin da manya ke faɗa a gida, su kawo shi fili. A yau ana iya ce wa ɗanmu baƙo a ƙasar da kakannin kakanninsa suke kwance, gobe kuma ɗanmu ne zai ce wa wanda ya gudo daga Khartum ko Madani nazihi, wato ɗan gudun hijira, yana yatsine. Duka biyun a hana su da murya ɗaya, a ranar, kuma malami ya fara da bakinsa: kar a kira ɗalibi da sunan ƙabilarsa ko da wasa. Ku cakuɗa su a benci, a ƙungiyar ƙwallo, a aikin shara. Wannan ma koyarwa yake so, a faɗa wa yara tun makon farko abin da za su ce in sun ji an yi wa wani, da wanda za su gaya wa.

Namu kason mu iyaye, mun ɗauka. Za mu daina cewa nama naku. Ƙa'idojin da kuka amince a kansu ku ba mu, mu maimaita su a gida da kalmomi iri ɗaya, mu roƙi limamai da malaman makarantun allo su ma su taɓa su, tunda yawancin yaran nan da yamma a hannunsu suke. Ina roƙon kowane mudir ya kira majalisar iyaye kafin kaka ta kwashe mutane zuwa gonaki, ajandar ta zama wannan magana kaɗai, ba kuɗi ba. A makarantarmu mun riga mun yi shawarar gayya don yi wa randuna rumfa da gyara ƙofofin banɗaki. Ranar da za ku fita da yara ku nuna musu yadda ake layi a wurin, ku aiko mana, wasunmu za su zo su tsaya tare da ku.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam,
Wani uba daga Gadarif